Harsashin farauta a danshin Kumasi: yadda nake zaɓa, nake gwadawa, nake adanawa

Shekara uku ke nan, a makon farko na Disamba, ni da kawuna muna laɓe a gefen wata gonar masara can bayan Ejura. Hazo bai gama ɗagawa ba sai ga garken zabin daji sun fito kiwo, ba su fi taku talatin da ni ba. Na yi bismillah, na ja kunama. Ƙas. Na dakata, na karya bindiga, wato na buɗe ta, na sa wani harsashi. Shi ma ƙas. Kafin in laluba na uku zabin sun tashi. Kawu da ke can gefe ya harba sau ɗaya, ya kayar da biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harsasaina masu tsada ne, kuɗinsu ya kusa ninka na Kawu. Na miƙa masa ɗaya na ce, "Kawu, wannan fa shi ne mai kyan, dubi kwalinsa." Bai ko kalli kwalin ba. Ya juya harsashin a tafin hannunsa, ya kankare gindin da farce, tsatsa ta fito ja. Ya ce, "Ɗana, a ina ya yi damina?"

A cikin jakar farauta ya yi ta, rataye a bangon ɗakina a unguwar Aboabo ta Kumasi, bangon da ke gumi duk lokacin ruwa, tun ƙarshen Yuli. Nasa kuwa a gwangwanin Milo mai murfi suka kwana wata huɗu, cikin akwatin da yake kullewa.

Tun daga ranar na sake lissafi. Tashin harsashi ko ƙin tashinsa ya fi rataya a kan inda ya kwana da irin bindigar da aka sa shi ciki fiye da kuɗin da aka biya. Mai tsada yana da abin da yake sayar maka, zan zo kansa, amma ba ya sayar maka da kariya daga danshi. Ga yadda nake yi yanzu, ga wanda yake da lasisinsa kuma yake son kuɗinsa su yi masa aiki.

Fara da bindigarka kafin ka je shago

Yawancin bindigoginmu lamba 12 ne, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ma'anar lambar tsohon awo ne: dunƙulen dalma goma sha biyu masu faɗin bututun su ne ke cika laba ɗaya. Faɗin ya kai wajen milimita 18.5. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba sa dubawa shi ne lamba ta biyu, tsawon mazaunin harsashi a awon milimita. Karya bindigar, cire bututun, ka duba ƙarƙashinsa ko gefensa. Za ka ga an buga 12/70 ko 12/76, a tsofaffin bindigogin Ingila kuma 65 ko inci biyu da rabi. A jikin kwalin harsashi ma akwai irin wannan lamba.

Tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan ya tashi bakinsa ya buɗe. Shi ya sa harsashi mai 76 yake iya shiga mazauni mai 70 lafiya lau, bindiga ta rufu, ka ɗauka ya yi daidai. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ya buɗe cikin ƙuncin bututu, matsin ya hau. Gajere a dogon mazauni ba laifi. Dogo a gajeren mazauni kuwa kada ka kuskura, ko kyauta aka ba ka. Kuma da yawa daga cikin masu tsadar nan dogaye ne. A ƙa'idar hukumar gwajin makamai ta CIP, wadda Italiya da Sifen da Faransa da Beljiyam da Ingila da Rasha ke cikinta, iyakar matsin 12/70 na yau da kullum 740 ne a awon matsi da ake kira bar, na 12/76 kuwa 1050. Ka ga ba ƙaramin bambanci ba ne a kan ƙarfen da ya shekara arba'in.

Wani haɗarin kuma: in a gidanku akwai mai bindiga lamba 20, kada harsasanku su taɓa haɗuwa a aljihu ɗaya. Lamba 20 yana zurarewa cikin bututun lamba 12 ya maƙale a gaba, mazauni ya zama kamar babu komai, mutum ya sa lamba 12 a bayansa ya harba. Bututu fashewa yake yi, daidai inda hannun hagu yake riƙe.

Ni makaniki ne a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, aikin ƙarfe nake yi tun ina saurayi, don haka zan faɗi wannan da bakin wanda ya san ƙarfe. Bindigar ƙirar gida wadda aka yi da bututun da ba wanda ya gwada ƙarfinsa, ba ni da harsashin da zan ba ka shawara ka sa mata. Ido ba ya ganin inda ƙarfe ya gaji.

A shago

Ka je da lasisinka da takardar izinin saye daga ofishin bindigogi na 'yan sanda, ka saya wurin dila mai rajista. Dokar makamai da harsasai ta 1972, NRCD 9, da gyare-gyarenta ita ke tafiyar da wannan, kuma lasisin bindiga duk shekara ake sabunta shi. Ban da maganar doka ma, akwai ta inganci. Harsashin da ya bi hannu biyar, ya kwana a buhun masara, ya sha rana a bayan mota, ba wanda zai gaya maka tarihinsa. Na taɓa ganin wanda aka sake cikawa da hannu aka narke bakinsa da wuta aka sayar a matsayin sabo. Ba ka san irin albarushin da ke ciki ba, ba ka san yawansa ba.

In an miƙo maka kwali, mai guda 25, kada ka ji nauyin buɗewa a gaban mai shago. Ga abin da nake dubawa, kuma ba ya cin minti uku.

Gindi tukuna. Wannan ƙarfen mai ruwan zinariya da muke ɗauka tagulla ce, a mafi yawan harsasan yau baƙin ƙarfe ne aka shafa masa ruwan tagulla. Kai masa mayen ƙarfe ka gani, zai manne. Saboda haka yana tsatsa, tsatsar kuma ita ke sa kwanso ya maƙale bayan harbi har ka nemi sanda ka zunguro shi. Ɗigo ɗaya biyu na dusashewa ba komai. Tsatsa mai kaushi, ko kore-kore a kewayen ɗan ƙoƙon wutan da ke tsakiyar gindi, wanda ni nake kira cibiya, wannan a mayar. Cibiyar ita ce ran harsashi. Allurar bindiga ta doke ta, ta yi tartsatsi, albarushi ya kama, iskar ta tura toshiyar roba da ƙwayoyin dalmar da ke cikinta. Ta zauna daidai da fuskar gindi, kada ta lotsa ciki, kada ta turo waje.

Sai baki. Naɗin bakin ya rufu ruf kamar tauraro, ba rami a tsakiya da ƙwaya za ta iya leƙowa, ba kumburi. Mirgina harsashin a kan tebur, in yana tangaɗi jikinsa ya kumbura. Na kwanson takarda sun fi saurin wannan, shi ya sa a garin nan ban ga dalilin sayensu ba. Sannan ka duba leɓen kwalin daga ciki, akwai lambar zubi da masana'anta ke bugawa. In za ka sayi kwali uku, nemi masu lamba ɗaya, don abin da ka gwada a na farko ya zama shi ne a sauran.

Kada tsawon ƙarfen gindi ya ruɗe ka. Mutanenmu suna cewa mai dogon gindi ya fi ƙarfi. A zamanin kwanson takarda maganar tana da tushe. Yau ƙarfin yana cikin albarushi da nauyin ƙwaya, kuma an rubuta nauyin a kwali: giram 28, 32, 34, 36.

Girman ƙwaya kuwa, nan ne aka fi asarar kuɗi ba tare da an sani ba. A kasuwarmu AAA da BB su ne sunayen girman ƙwaya da kowa ya haddace, har wasu sun ɗauka su kaɗai ake yi. A awon Ingila, giram 28 na AAA ƙwaya wajen 35 ne, BB wajen 70, lamba 4 wajen 170, lamba 6 wajen 270. Lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa. Wanda ya harbi kurciya ko makwarwa da AAA, ƙwaya talatin da biyar ko arba'in ya watsa a sararin da tsuntsun zai iya bi ta tsakaninsu ya wuce, sai ya ce harsashi ba shi da kyau. Wanda kuma ya harbi gada da lamba 6 daga nesa ya raunata ta ne kawai, ta tafi ta mutu a inda ba wanda zai amfana, kuma da alhaki. Ni lamba 6 nake sa wa kurciya da makwarwa, lamba 4 ga zabo da zomo, BB ga gyazbi, wanda 'yan'uwanmu Asante ke kira akrantie, AAA kuma sai gada a kusa. Ka lura lambobin ba ɗaya suke a kowace ƙasa ba. BB na Amurka ya kai milimita 4.5, na Ingila bai wuce 4.1 ba. In kwalin ya rubuta milimita, bi milimitar.

Me kuɗin mai tsada ke saya

Kusan duk abin da muke harbawa daga waje yake zuwa, da kuɗin waje aka sayo shi, ya biya jirgin ruwa a matsayin kaya mai haɗari, ya biya kwastan da izini da ajiya. Wanda ya sayi harsashi a 2022 ya ji a jikinsa. A farkon shekarar dala ba ta wuce sidi 6 da 'yan kai ba, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Don haka wani ɓangare na tsadar ba ruwansa da ingancin abin da ke cikin kwali. Hanya ce da canji.

Amma akwai bambanci na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Dalma zalla tana da laushi. Lokacin tashi, ƙwayoyin da ke ƙasa suna matsewa su lotse, ƙwayar da ta lotse kuma ba ta tafiya miƙe, baudewa take yi ta fita daga taro. Masu tsada suna gauraya dalmar da wani ƙarfe, antimoni, don ta yi tauri, wasu su lulluɓe ta da nikel ko jan ƙarfe, su tace ƙwayoyin su zama girma ɗaya, su sa toshiya mai kyau da ke rungume su har su bar bututu. Awon albarushinsu ma ya fi daidaito, na farko da na ashirin da biyar kusan gudu ɗaya, wajen mita 400 a daƙiƙa. Amfanin wannan duka yana bayyana ne daga mita 35 zuwa sama. A mita 20 zuwa 25, inda mafi yawan harbinmu yake a cikin ciyawa da gefen gona, gyazbi bai san bambancin ba.

Akwai kuma waɗanda tsadarsu ta wata ƙasa ce da dokarta. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana ta a fadamu da bakin ruwa daga Fabrairun 2023, domin tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyin da suka zube su mutu da guba. Wannan ya sa aka koma ƙwayar baƙin ƙarfe da ta wasu ƙarafa biyu, bismot da tangstin. A girma ɗaya, in ƙwayar dalma ta yi nauyin 11, ta baƙin ƙarfe ba ta kai 8 ba, ta tangstin mafi nauyi kuwa 18 ce, kuma ita ce harsashi ɗaya nata kan kai kuɗin kwali guda na gama-gari. Dalilin hana dalmar dalili ne mai kyau, ni ma na daina harbi a kan ruwa saboda shi. Sai dai in wani ya kawo maka tsarabar masu baƙin ƙarfe, kada ka zuba su a tsohuwar bindiga mai matsattsen baki. Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, yana iya kumbura bakin bututu. Bindigar da aka gwada don masu ƙarfin cikinsu tana da tambarin fure mai kunne uku a jikin bututun.

Kamfanonin da suka daɗe, irin su Fiocchi na Italiya da ke aiki tun 1876, ko Sellier & Bellot tun 1825, ko Eley na Ingila, kowannensu yana da na gama-gari yana da na ƙarshen kuɗi. Abin da na lura da shi, na gama-garin kamfanin kirki in ya iso a bushe yana tashi kamar yadda mai tsadarsa ke tashi. Araha ba ta ado, haka ne, amma a nan arahar da nake gudu ita ce ta kwalin da ba suna, ba lambar zubi, ba tambarin gwaji.

Gwajin takarda

Wannan shi ne abin da na fi son ka ɗauka daga duk rubutun nan, kuma shi ne mutane suka fi ƙyashin yi saboda yana cin harsashi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bindiga biyu masu suna ɗaya ba sa watsa harsashi ɗaya iri ɗaya, balle taka da ta marubucin kwalin.

Nemi manyan kwalaye, irin na firiji ko talabijin, a kasuwannin Adum ko Kejetia ba sa wuya. In ba su samu ba, ɗinka takardun buhun siminti. Kowane ya kai mita ɗaya da 'yan kai a faɗi da tsawo. Ka tafi da su gona, ba cikin gari ba, wurin da bayansa tudu ne ko gangaren ƙasa, ka tabbata ba hanya, ba bukka, ba mai itace. Kafa kwalin, yi ɗigo a tsakiya da gawayi, ka auna nisa. Masu wannan sana'a yadi 40 suke aunawa, wajen mita 36. Ni ina yin biyu, ɗaya a nan, ɗaya a mita 25, don shi ne nisan harbina na gaskiya.

Harba sau ɗaya. Je ka duba inda ramuka suka fi taruwa. Ɗaura gawayi a zare mai tsawon santimita 38, ka kafa ɗaya bakin a tsakiyar taron, ka zana da'ira. Faɗinta zai zama santimita 76. Ƙirga ramukan da ke ciki, kana yi wa kowanne alama don kada ka maimaita. Sai ka kwatanta da yawan ƙwayar da ke cikin harsashin. A yadi 40, bindiga mai matsattsen baki sosai takan zuba wajen kashi 70 cikin ɗari a da'irar, mai rabin matsi wajen 60, mai sakakken baki wajen 40.

Ƙirgen ba shi ne ƙarshe ba. Ja da baya ka kalli kwalin. Akwai filin da babu rami wanda zabo zai iya tsayawa a ciki? Ni tafin hannuna nake ɗorawa: in ya zauna a wuri biyu uku cikin da'irar bai taɓa rami ba, wannan harsashin da wannan bindigar ba su dace a wannan nisan ba. Sannan ina taron ya faɗa, kan ɗigon ko sama ko hagu? Tawa mai baki ɗaya, ƙirar Rasha, tana ɗora taronta kamar tafi ɗaya sama da inda na auna. Na shekara ina harbi da ita ban sani ba sai da takarda ta nuna mini.

Harbi ɗaya ba shaida ba ne. Yi uku da kowane iri, kowanne da sabon kwali ko ka juya bayansa. In kana gwada iri biyu, harsashi shida zuwa goma sha biyu ke nan. Na san zafinsa. Amma a nawa gwajin, a mita 25 na gama-gari mai giram 32 da mai tsada mai giram 36 ba su bambanta da abin da zai sa in ƙara sisi ba, sai dai mai nauyin ya fi dukan kafaɗa. A mita 36 kuwa mai tsadar ya fi cika da'ira ƙwarai. Ganin haka na tsara sayena: kwali uku na gama-gari, ɗaya mai tsada don zabin hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe suke hango mutum daga nesa. Taka bindigar tana iya gaya maka wani abu dabam.

Ajiya

Dokar kare namun daji, LI 685 ta 1971, ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, don dabbobi su haihu su yi reno. Gyazbi ne kawai aka bari, shi ma da lasisin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Ka dubi watannin nan da kyau. Harsashinka zai zauna wata huɗu, kuma cikinsu ne ruwan Satumba da Oktoba yake sauka a Kumasi, lokacin da takalmin fata ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado. Abin da ya ci nawa ke nan.

Abokan gaba uku ne: danshi, zafi, da mai. Samu mazubi mai murfin da ke rufewa gam, akwatin ƙarfe mai roba a baki ko bokitin roba mai maƙalli, ko gwangwani irin na Kawu. Bar harsasan a kwalinsu. Jefa ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, guda biyar shida. In sun jiƙe, canza su. Mazubin kada ya taɓa siminti, kada ya jingina da bangon waje, ɗora shi a kan katako. Kada kuma ka kai shi saman silin ƙarƙashin kwano, ko ka bar shi a mota tana rana, zafi yana lalata albarushi a hankali. Ka rubuta watan da ka saya a kan kowane kwali, ka fara harba tsoho. In an adana shi haka, shekara goma ba ta kashe harsashi.

Mai kuwa, mu makanikai mun fi kowa wannan kuskure, don mun saba duk abin da ya yi tsatsa a fesa masa mai. Kada ka fesa wa harsashi. Man yana bin gefen cibiya ya shiga ya kashe ta. Mazaunin harsashi ma in ka goge bindiga, share shi ya bushe kafin ka sa komai.

Mazubin ya zauna a kulle, dabam da bindiga, mabuɗin a jikinka. Gidajenmu na zango gidajen haya ne masu yara da yawa, yaro kuma ba abin da ba ya buɗewa.

Ranar fita, ɗauki iya abin da za ka buƙata. Waɗanda suka sha raɓa a ɗamara suka dawo, goge su da busasshen tsumma, bar su su sha iska a inuwa kwana ɗaya, ka ware su a fara da su a fita ta gaba.

In ya ƙi tashi

Ka ja kunama ka ji ƙas, kada ka buɗe nan take, kada ka juyo da bindiga ka leƙa. Riƙe ta bakinta na kallon inda ka auna, ka ƙirga talatin a hankali. Harsashin da ya sha danshi wani lokaci yana jinkiri ne, ya tashi bayan daƙiƙa kaɗan. Bayan haka ka buɗe, fuskarka a kauce.

Yanzu dubi cibiyar, ita za ta raba gardama. In allura ta yi mata rami mai zurfi a tsakiya amma ba ta tashi ba, laifin harsashi ne. In ɗan tabo ne marar zurfi, ko ya kauce gefe, laifin bindiga ne: allura ta cinye, ko sifirin da ke tura ta ya saki, ko datti da busasshen mai sun cushe raminta. Na ga mutum ya canza iri uku yana zagin 'yan kasuwa, alhali sifirin ne ya mutu. Kwatanta da kwanson da ya tashi lafiya, idonka zai gani. Gyaran kuma a kai wa mai gyaran bindiga da hukuma ta sani.

Wanda ya fi ƙas haɗari shi ne harbin da ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, fus, ba dukan kafaɗa. Tsaya cak. Sau da yawa toshiyar roba ta tsaya a cikin bututu. Cire kwanson, ka leƙa ta baya ka ga haske ya fita tas kafin ka sa wani. Haka in ka faɗi ko bakin bindiga ya taɓa laka. Wanda ya ƙi tashi kuma kada ka jefar a gona, manomi zai ƙona ciyawa, yara za su tsinta. Kada ka farke shi. Ware shi a aljihu dabam ka mayar wa dila ko ofishin 'yan sanda. In biyu uku suka ƙi a kwali ɗaya da rami mai zurfi, ɗauki kwalin da lambar zubinsa ka koma shagon.

Lissafin da nake yi

Ba kuɗin kwali nake dubawa ba, kuɗin naman da ya shiga jaka nake dubawa. Mu ɗauki lamba mai sauƙi don lissafi kawai. A ce na gama-gari sidi 200 ne, mai tsada 300. Harsashi ɗaya 8 ke nan da 12. In a nisan da kake harbi mai arahar sai ka harba uku kake samun ɗaya, mai tsadar kuma biyu, to duka 24 ne, ba wanda ya fi, kuma mai tsadar ya rage maka dabbobin da ke tafiya da rauni. In kuwa duka biyun a harbi biyu suke kawo nama, 16 da 24 ne, ka ga kana zubar da 8 a kan kowane zabo. Ka riƙa ajiye kwansunan da ka harba a aljihu, da yamma ka ƙirga su ka ƙirga nama, ka rubuta a ɗan littafi. Bayan fita biyar za ka san naka lissafin.

Ka sa kuɗin hanya ma a ciki. Daga Kumasi zuwa Ejura ta Mampong kusan kilomita 100 ne, ga mai, ga abinci, ga ranar aiki da ka bari. Kusa da wannan, bambancin sidi huɗu a harsashi ƙarami ne, shi ya sa ba na rowar mai tsada a inda takarda ta nuna yana da amfani. Matan kasuwar Atwemonom ta Kumasi da ke sayen naman daji su ma suna duba yadda harbi ya ɓata nama kafin su yi ciniki, gyazbin da aka ragargaza da manyan ƙwayoyi daga kusa ba ya kuɗi.

In ka tarar da dabbar da sauran rai, yanka ta nan take kamar yadda malamanmu suka koyar, wuƙarka ta kasance a wase tun daga gida. Wajen gyaran nama kuma bi ramin kowace ƙwaya ka ciro ta, ka yanke wurin da ya yi baƙi ka zubar. Dalma guba ce, ta fi cutar yara ƙanana da mata masu ciki, kuma dahuwa ba ta kashe ta, miya mai tsami ma narkar da ita take ƙara yi. A gidana ni nake wannan aikin da kaina kafin naman ya isa hannun uwargida, da ƙaramar wuƙa da faranti a gefe, ina jefa ƙwayoyin ina jin ƙararsu, in kwatanta da ramukan da na ƙirga a fata.